Wane mai, wane ruwa da wace filta suka dace da tarakta?

Tambaya: Na sayi tarakta ta hannu mai ƙarfin doki 75, mai ja da ƙafa huɗu, kuma ba ta zo da littafinta ba. Wanda ya sayar mini ya ce kowane baƙin mai na zuba a inji ya yi, a baya kuma in sa man haidirolik na durom. Yanzu in na taka birki sai ta riƙa gurnani, ɗaga garma kuma yana yin sanyi in aiki ya yi nisa. Wane mai zan saya, kuma dole ne sai filta ta kamfani?

Amsa: Malam, gurnanin birkin nan ya riga ya tona asirin man da ke bayan taraktarka, kuma can ne zan fi daɗewa. Amma kafin ka sayi ko lita ɗaya, nemi ɗan farantin ƙarfen da aka manna a jikin tarakta ka kwafe lambar samfuri da lambar siriyal. Ka kwafe ta inji daban, domin sau da yawa wanda ya ƙera tarakta ba shi ya ƙera injinta ba, Massey Ferguson da yawa injin Perkins ne a cikinsu. Da waɗannan lambobi ake samo littafin, a wurin dila ko a intanet, kuma abin da za ka nema a ciki shafi ɗaya ne: wanda ya jera kowane mai, da lambar ingancinsa, da yawan litocinsa, da awannin juyensa. Duk abin da zan faɗa a nan, in ya saɓa wa wannan shafi, bi shafin.

Abin da ake saye a jarkar mai shi ne 'yan haruffa da lambobin da ke bayanta. Launin mai, da kyan jarka, da yadda yake danƙo tsakanin yatsu biyu, duk ba sa gaya maka komai.

A jarkar man inji abu biyu za ka karanta. Na farko kauri, kamar 15W-40. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu a cikin sanyi lokacin tayar da inji, ta bayan kuma tana nuna kaurinsa in ya kai zafin digiri 100. Ga tarakta mai shan dizal, 15W-40 shi ne abin da akasarin kamfanoni ke rubutawa, yana aiki daga wajen digiri 15 ƙasa da sifili har zafin da ya haura 40. Inda ake tsananin sanyi ne ake sauka zuwa 10W-30 ko 5W-40. SAE 40 zalla ba laifi ga tsohon inji a ƙasa mai zafi, sai dai yana jinkirin isa saman inji da tobo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) da sassafe, kuma a waɗannan daƙiƙoƙin farko ne ƙarfe ke cin ƙarfe.

Akwai wata ɗabi'a ta zuba mai kauri sosai in inji ya tsufa, don a ga allurar geji ta tashi. Allura za ta tashi kam, amma abin da ya sa ta faɗi tun farko, wato metal ɗin karanshaf (shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyi a kanta) da ya ci, yana nan. Mai kauri yana rage gudun man da ke ratsa metal, yana rage zafin da yake kwashewa. Dabara ce ta lallaɓa inji zuwa ƙarshen kakar aiki, kada a ɗauke ta a matsayin gyara.

Abu na biyu lambar API, wato cibiyar Amurka da ke ba man inji lambar inganci. In ta fara da S, na injin fetur ne, in ta fara da C, na dizal ne. CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 a ƙarshen 2016, kuma kowane sabo yana iya maye gurbin wanda ya riga shi fitowa. CF da CF-4 da CG-4 tsofaffi ne, API ta daina ba da lasisinsu tuni, don haka in ka ga jarka ba ta da komai sai CF, ka san ba wani abin kirki aka zuba a ciki ba. FA-4 kuwa ka kauce masa, an yi shi tsinkakke ne don wasu sababbin manyan motoci, ba ya maye gurbin sauran. Inji irin naka, mai famfon injekta na gargajiya, CH-4 ko CI-4 ya ishe shi. A ma'aunin Turai, ACEA E7 shi ne makusancinsu. Sabuwar tarakta mai matatar hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF, ita ce dole sai CJ-4 ko CK-4 ko ACEA E9, domin tokar da suke bari in sun ƙone ba ta wuce kashi 1 cikin 100, sauran kuwa tokarsu za ta toshe matatar.

Man inji na dizal yana da wani aiki da ba a cika lura da shi ba, wato kashe asid. Farar wutar da ke cikin dizal in ta ƙone ta haɗu da danshi sai ta zama asid, ta gangara cikin mai. Ƙarfin man na kashe wannan asid shi ake rubutawa TBN a takardar bayaninsa, kuma yana ƙarewa da aiki. Inda dizal ke da farar wuta sama da kashi 0.5 cikin 100, littattafan kamfanoni da yawa sun ce a raba awannin juye biyu. Juye na yau da kullum awa 250 ne ga tsofaffin injuna. Awa 500 sai in littafi ya faɗa, da irin man da ya ambata da irin filtar. Ko tarakta ba ta cika awannin ba, a juye sau ɗaya a shekara. Inji mai silinda huɗu na girman naka yawanci yana shan tsakanin lita 7 zuwa 10.

Baƙin da man dizal ke yi bayan 'yan awanni kada ya dame ka, kunkunniya ce ya riƙe, aikinsa ke nan. Abin tsoro uku ne. In mai ya yi launin madara, ruwa ya shiga, ta gaskit ɗin kan inji, ko robar silib (bututun ƙarfen da fistan ke kai-komo a cikinsa), ko na'urar sanyaya mai. In yana ƙaruwa a sandar awo maimakon ya ragu, kuma yana warin dizal, to dizal ne ke zuba ciki, galibi ta fatar ƙaramin famfon da ke jawo dizal daga tanki, ko sil ɗin famfon injekta, ko nozul mai ɗiga. In kuma ka cika shi ya wuce layin sama, karanshaf zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe metal.

Yanzu ga bayan tarakta. A akasarin taraktoci tun daga shekarun 1970, rumbu ɗaya ne ke ɗauke da man da ke yi wa giyabos aiki, da aksil na baya, da famfon haidirolik, da birki, da kulocin PTO mai juya kayan aiki, wani lokaci har da sitiyari. Ana neman mai ɗaya ya yi ayyukan da ba sa jituwa. Haƙoran giya suna son mai da ba ya tsagewa in an matse shi da nauyi. Famfo yana son mai tsinkakke da zai tsotsa ba wahala, wanda ba ya kumfa. Birki kuwa, faifai ne da ke nutse cikin man, yana son mai da zai bar shi ya kama a hankali, ba santsi da yawa ba kuma ba cafka ba. In man bai da sinadarin da ke daidaita wannan kamu, faifan sai su kama su saki, su kama su saki, sau da yawa a daƙiƙa ɗaya. Wannan shi ne gurnanin da kake ji har cikin ƙafarka.

Man haidirolik na durom, mai lamba 46 ko 68, an yi shi ne don injunan da famfo da silinda kaɗai ke cikinsu. Zai ɗaga garma, shi ya sa mutane ke ganin ya yi. Amma ba ya kare haƙoran giya yadda ake bukata, ba ya da abin da birki ke so, kuma ɓarnarsa a hankali take zuwa, sai bayan awanni ɗaruruwa a ga faifan birki sun gama ci, haƙora sun yi ƙuraje. Man giya 90 ma ba nan ne wurinsa ba: ya yi wa famfo kauri, sai famfo ya riƙa kuka da safe don yunwa, kuma sinadarin farar wuta da ke cikin man giya mai lambar inganci GL-5 yana cin tagullar da ke cikin giyabos in zafi ya yi yawa.

Abin da ya dace shi ne man da ake rubuta wa UTTO, wanda aka haɗa musamman don wannan rumbu. Sunan kaɗai bai isa ba, sai ka ga lambar kamfanin taraktarka a jikin jarka. John Deere tana neman J20C, da J20D don wurare masu sanyi. Massey Ferguson tana da M1135, M1141, M1143 da M1145. Ford da tsofaffin New Holland suna neman M2C134-D. Case tana da MS 1207 da MS 1209, Kubota kuma UDT. Mai kyau ɗaya yakan ɗauki lambobi da yawa cikin waɗannan. Kula da yadda aka rubuta: jarkar da ta ce kamfani ya amince da man ta fi wadda ta ce ya cika sharuɗɗa, ita kuma ta fi wadda kawai ta ce ana iya amfani da shi a tarakta iri kaza. Akwai kuma wanda ake rubuta wa 303. Wannan tsohuwar lambar John Deere ce da aka yi watsi da ita tun 1974, babu wani ma'auni da ake gwada mai da shi a kanta yau, har jihar Missouri ta Amurka ta hana sayar da irinsa a 2017 bayan ta gwada ta ga bai kai ba.

Za ka kuma ci karo da STOU, wanda ake cewa a zuba shi ko'ina, inji da baya duka. Yana da amfani ga mai tsofaffin taraktoci da yawa da ba ya son yaransa su rikita jarkoki. Sai dai a ɓangaren inji yawanci bai kai CI-4 ba. Ni a ganina, in kana iya ajiye jarka biyu ka rubuta wa kowace suna, mai biyu sun fi. Tarakta mai giyar CVT, wadda ke canza gudu ba tare da matakan giya ba, kuwa nata man daban ne, ba a yi mata kame-kame. Haka tsofaffi ƙwarai masu busasshen birki, wasunsu man 90 marar sinadari aka rubuta musu, GL-1.

Sanyin ɗaga garma yana da fassara gwargwadon lokacin da yake zuwa. In da safe ne yake sanyi, ya warware in mai ya ɗumama, man ya yi kauri ko ragar tsotso ta toshe. In kuma da safe lafiya lau, sai aiki ya yi nisa ya mutu, kamar naka, to man yana tsinkewa da zafi yana zurarewa ta cikin famfon da ya ci ko bawul mai yoyo. Mai marar kyau yana ƙara tsananta wannan, don haka a fara da juye kafin a zargi famfo. In ka zaro sandar awo ka ga kumfa, kuma hannuwan ɗagawa suna rawa, iska ce ke shiga ta layin tsotso, duba tiyo da kilif da robar murfin filta. In garma tana sauka da kanta bayan ka kashe inji, wannan sil ɗin fistan ɗin ɗagawa ne ko bawul, mai ba zai gyara shi ba.

Ga yadda za ka juye na baya. Ka yi aiki da tarakta har man ya ɗumama, ka tsayar da ita a wuri mai daidai, ka sauke hannuwan ɗagawa ƙasa, ka mayar da duk silinda ciki don man da ke cikinsu ya koma rumbu. Notin juye yakan zama biyu ko uku, ƙarƙashin giyabos da ƙarƙashin aksil, in ka buɗe ɗaya kaɗai rabin tsohon man yana nan. Tanadi mazubi babba, domin tarakta irin taka tana ɗaukar lita 30 zuwa 50. Dubi maganaɗisun da ke kan notin: laushin baƙin gari kamar kwalli ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe da za ka ji a yatsa, ko ƙyalli mai ruwan zinariya a cikin man, alama ce ta boris ko tagulla na ci. Zaro ragar tsotso ka wanke da dizal ka busar, wannan ita ce aka fi mantawa don ɓoye take. Sa sabuwar filta, zuba UTTO ta mazurari mai tsabta, tayar da inji, ɗaga ka sauke sau da yawa, juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, sannan ka sake awo. Kada ka cika rumbu da dizal ka tuƙa wai wanki, famfo da faifan kuloci ba sa jure wannan. In tsohon man ya fito da launin madara, ruwa ne ya shiga ta yagaggiyar robar sandar giya ko ta mashaƙar rumbu, sai ka toshe hanyar. Bayan haka juye yakan kai awa 1,000 zuwa 1,500, filta kuma wajen rabin haka.

Abu biyu a gefe. Tirela ko wani kayan aiki na aro mai silinda yana zuwa da man wani, yana gauraya shi da naka ta mahaɗar tiyo, kuma ƙasar da ke bakin mahaɗar kai tsaye take wucewa ciki, saboda haka a goge kafin a haɗa. Sannan kada ka taɓa neman yoyon haidirolik da hannu. Matsinsa yana kai bar 170 zuwa 200 (bar ma'aunin matsi ne), siririn tsartuwa yana huda fata ya shiga nama, kuma wannan rauni na tiyata ne cikin gaggawa ko da ramin bai fi na allura ba. Kwali ake karawa.

Aksil na gaba ɗakuna uku ne: na tsakiya da na bakin kowace ƙafa. Wasu kamfanoni suna neman 80W-90 mai GL-5, wasu kuma UTTO ɗin baya, a nan littafi ne kaɗai alƙali. Na bakin ƙafa man cikinsa kaɗan ne, sau da yawa bai kai lita ɗaya ba, don haka ɗan yoyon sil da ka raina yana iya busar da shi cikin mako. Ana juya ƙafa har notin ya zo daidai tsakiya a kwance, a zuba har ya fara dawowa. Kada lambar 90 ta ruɗe ka: ma'aunin man giya daban ne da na inji, kaurin 90 na giya kusan na 40 ko 50 na inji ne.

In akwai ɗan kofin man birki ko na kuloci a gaban direba, karanta murfinsa kafin ka zuba komai. Wasu na DOT 3 ko DOT 4 ne irin na mota, wasu kuma man ma'adini ne irin LHM mai launin kore. Robobin kowane ba sa jure ɗayan. Kuskure ɗaya ya isa su kumbura su narke, birki ya tafi, sai an canza duk robobin layin.

Ruwan lagireto kuwa, ana cewa ƙasar da ba ƙanƙara ba ta bukatar maganin daskarewa. Hana daskarewa ɗaya ne kawai cikin ayyukansa. Haɗin rabi da rabi na gilaikol, wato sinadarin maganin daskarewar, da ruwa yana hana daskarewa har digiri 37 ƙasa da sifili, yana ɗaga tafasa zuwa wajen 108, murfin lagireto mai matsi kuma ya ƙara ɗagawa. Mafi muhimmanci, yana hana tsatsa. A injin da silib ɗinsa ke taɓa ruwa kai tsaye, duk bugun fistan yana girgiza silib, ƙananan kumfa su taso su fashe a jikinsa, su riƙa sassaƙar ƙarfen har su huda shi, ruwa ya gangara cikin mai. Ruwan sanyaya na manyan injunan dizal, mai lambar ASTM D6210, yana da sinadarin da ke kare wannan. Na ƙananan motoci, D3306, ba lallai ya kasance da shi ba. Launi ba hujja ba ne, rini ne kawai, kore biyu na iya zama iri daban, kuma gauraya iri biyu yana rage ƙarfin kariyarsu. Tunda ba ka san abin da ke cikin taka ba, zubar da shi duka, ɗauraye, sa sabo. A gauraya da tataccen ruwa irin na batir, domin ruwa mai gishiri-gishiri yana barin farin ɓawo a cikin inji ya hana zafi fita. Kada a zuba gilaikol zalla, bai kai ruwa kwashe zafi ba. Na gargajiya ana canza shi duk shekara biyu. Tsohon a nisanta shi daga dabbobi da yara, yana da zaƙi kuma guba ne. Murfi kuma ba a buɗe shi da zafi.

Giris ba shi da dogon zance: mai lambar kauri NLGI 2, na litiyam, mai alamar EP ta jure matsi, ya ishi kusan ko'ina. Goge kan nonon giris kafin ka ɗora bindigar giris, matsa har tsohon ya fito a fil da bushi, amma a boris mai sil matsa biyu ko uku ya isa, in ka wuce sai sil ya fashe. Ka tsaya kan iri ɗaya, domin wasu in an gauraya su sukan tsinke su zube. AdBlue, ruwan tsabtace hayaƙin salansa, na sababbin taraktoci ne, taka ba ta da shi. Mai irinsu dai ya sani yuriya ce kashi 32.5 cikin 100 a tataccen ruwa, zafin rana yana lalata ta, kuma ko kaɗan ba ta shiga tankin dizal.

Sai filtoci, kuma ta iska ce gaba. Duk litar dizal ɗaya da inji ya ƙona, yana shaƙar iska sama da lita 10,000, a bayan haro kuwa ka san abin da ke cikin wannan iska. Ƙurar da ta wuce filta tana haɗuwa da mai ta zama kamar sanfefa a jikin silinda da ringi. Busasshiyar filta biyu ce, babba ta waje da ƙarama ta ciki. Ta ciki ba a wanke ta, ba a hura ta, ba a ma cire ta sai za a canza, yawanci bayan an canza ta waje sau uku. In ka ga ƙura a jikinta, ta waje ta huje. Ta waje kuma yawan buɗe ta ya fi barinta illa, domin duk buɗewa sai ƙura ta zuba a bututu, robar bakinta kuma ta saki. In akwai ɗan gejin da ke yin ja in ta toshe, jira shi. In za ka hura, daga ciki zuwa waje, da iskar da ba ta wuce bar 2 ba. Kada a buga ta a jikin taya. Bayan hurawa saka fitila a cikinta a wuri mai duhu, in haske ya ɓullo ko ta ƙaramin rami, ta gama. Tsofaffin taraktoci masu kwanon mai a ƙarƙashin filta, man inji ake zubawa daidai layi, kuma a lokacin ƙura kullum ake kwashe laka a sa sabo.

Filtar dizal ana auna ta da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin mutum wajen 70 ne. Ta farko mai kofin raba ruwa takan tare daga 10 zuwa 30, ta biyu a sababbin injuna masu injekta na lantarki tana sauka zuwa 2 ko 5, domin matsinsu yana haura bar 1,600, ƙwayar da ido ba ya gani ta isa ta ɓata injekta. Irin wannan ba a cika ta da dizal daga jarka kafin a ɗaura, don abin da ka zuba ya tsallake tacewa, famfon hannu ake bugawa ta cika kanta. A taka, bayan canji sassauta notin fitar da iska, buga famfon hannu har dizal ya fito ba kumfa. Ruwan kofin a zubar kowace safiya. A cika tanki da yamma bayan aiki don kada raɓa ta taru a ciki da dare. Durom ɗin da aka kawo a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, kada bututu ya kai gindi, kuma kada a ajiye dizal a mazubin da aka shafe da zin, dizal yana narkar da zin ɗin ya je ya toshe nozul.

Game da ko dole ne sai ta kamfani: a'a. Kamfanonin tarakta da yawa ba su ke ƙera filta ba, irin su Donaldson, Fleetguard, Mann da Baldwin suna yin masu kyau, kuma kowannensu yana da jadawalin da za ka sa lambar ta asali ya ba ka tasa. Da lamba ake daidaitawa. Filta biyu na iya zama girma ɗaya, zare ɗaya, amma cikinsu daban. Ta man inji tana da bawul da ke buɗewa in takarda ta toshe don kada inji ya rasa mai. In ya buɗe da wuri, mai yana wucewa ba tacewa kai ba ka sani ba. Tana kuma iya samun robar da ke hana mai komawa in an kashe inji, rashinta shi ke sa fitilar mai ta daɗe ba ta mutu ba da safe. Ta haidirolik kuwa gwangwaninta ya fi kauri, ramukan takardarta sun fi ƙanƙanta, in ka sa ta inji a wurinta tana iya kumbura ta fashe. In an rubuta maikiron, nemi lambar beta kusa da shi, wadda ke nuna yawan dattin da filtar ke tarewa: beta 2 rabi kawai take tarewa na wannan girman, beta 75 tana tare kashi 98.7 cikin 100, beta 200 kuma 99.5. Filta biyu na iya cewa maikiron 10 alhali ɗaya rariya ce. Babbar matsala ita ce jabu a kwalin kamfani. Takan yi sakayau a hannu, rubutunta ya yi dishi-dishi, zarenta ya yi kaushi. In kana shakka, yanka tsohuwar da ka cire ka ƙirga ninkin takarda ka ga ko manne take da kyau a sama da ƙasa.

Wajen ɗaurawa, tabbatar tsohuwar roba ta fito tare da tsohuwar filta. In ta maƙale ka ɗora sabuwa a kanta, za ta riƙe na 'yan mintuna sannan ta fesar da man duka. Shafa wa sabuwar roba ɗan mai, murɗa da hannu har ta taɓa, ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ko abin da aka zana a jikinta. Sifanar filta ta cirewa ce kawai. Rubuta awannin mita da kwanan wata a jikin gwangwanin.

Tunda ba ka san tarihin taraktar nan ba, ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba, ka canza duka a zama ɗaya. Gurnanin birki ba lallai ya ɗauke nan take ba, domin faifan sun sha tsohon man, sai sabon ya ratsa su. Yi aiki da ita kamar awa 50, ka sake juye na baya tare da filta in na farkon ya fito da ruwa ko datti sosai. In bayan wannan gurnani yana nan, faifan sun ci har ƙarfe ya fara taɓa ƙarfe, sai an buɗe aksil. In ɗagawa kuma bai dawo ba, a ɗaura gejin matsi a mahaɗar baya lokacin da man yake da zafi, a gwada abin da ya nuna da lambar da ke littafi kafin a sayi famfo.